Marayun Lawali Sinima

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan bidiyon Lawali Sinima, can bayan tashar motar Madarumfa, ya san dokar gidan. In fim ya fara, ba tari, ba atishawa, ba "matsa mini kaɗan". Da wani ya yi motsi, Lawali zai tashi daga kujerarsa ta gefen tele, ya danna, hoto ya tsaya cak. Ba ya zagi, ba ya neman wanda ya yi. Sai ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "An ɓata. Mu koma farko." Kuma farkon yake nufi, tun daga inda sunan fim ke fitowa. Akwai wani fim da na san farkonsa kamar hanyar gidanmu, amma har Lawali ya bar duniya ban ga ƙarshensa ba, don lokacin mura aka kawo shi garin.

Wata rana wani sabon jandarma da aka turo mana ya shigo da kakinsa, ya zauna bencin gaba. Fim bai yi nisa ba ya yi wani tari mai ƙarfi. Lawali ya danna. Jandarman ya miƙe, ya gyara ɗamararsa, ya tambaye shi ko ya san ko shi wane ne.

"Na sani," in ji Lawali. "Kai ne ka yi tari."

Muka sunkuyar da kai muna jiran a tafi da shi. Jandarman ya dubi hagu, ya dubi dama, ya koma ya zauna, aka mai da fim farko. Tun daga ranar ba ya zuwa sai da kanumfari a baki.

Kuna dariya, na gani. Ku yi, ni ma na sha yi. Amma ku da kuka san shi, ku bar ni in kai ƙarshe, don da yawanku kuna cikin labarin nan, kuma ba a wurin da za ku so ba.

Ni ne Isuhu masunci, ga wanda bai san ni ba. Ni da Lawali unguwa ɗaya muka tashi, tare muka koyi iyo a tafki. Ni na tsaya kan ruwa, shi ya tafi Maraɗi yana saurayi, ya samu aiki a wani gidan sinima, shi ke juya injin da ke haska fim a bango. Can ya yi rabin rayuwarsa yana leƙen duniya ta wata 'yar taga. Da bidiyo ta cika Maraɗi a farkon shekarun casa'in, aka rufe sinimar, ya dawo gida da furfura, da tele guda, da bidiyo, da wani ƙaramin grup mai ba da wuta, da akwatin katako wanda ba ya bari kowa ya taɓa.

Abin da ke cikin akwatin shi yake kira marayunsa. Kaset ne na finafinan da ya haska a Maraɗi ba wanda ya zo kallo. Ya ce yakan leƙo ta tagarsa ya ga kujeru wayam, waɗanda suka shigo ba su cika layi ɗaya ba, su ma rabinsu zafi ne ya koro su daga ɗakunansu suka zo barci. Shi kuma yana can sama shi kaɗai yana share hawaye da hannun riga. Da aka rufe gidan, sai ya bi kasuwa yana neman irin waɗannan finafinan a kaset, yana tarawa.

Ni na ga marayun nan kusan duka. A ɗaya, wata tsohuwa ce ta ja akuyarta za ta kai kasuwa mai nisa. Shi ke nan fim ɗin: tana tafiya, akuya na tirjewa. A wani, mutum ne ke gadin wata tasha da jirgi ya daina tsayawa, yana share ta kullum. Ba duka, ba rawa, ba a kashe kowa. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa Lawali ba don kada kansa ya ƙara girma: ranar da tsohuwar ta isa kasuwa ta kasa sayar da akuyar, ta juyo da ita gida, na kwana biyu ina jin abin a ƙirjina.

In ka ce masa wane fim ya faɗi, sai ya gyara maka zance. "Fim bai faɗi ba. Gari ne ya faɗi." Haka yake cewa ko a kan ƙosai ne da bai ƙare ba a kasko.

Da yake finafinan cikin Faransanci suke, wasu ma cikin harsunan da ba mu taɓa ji ba, shi ke fassara mana da bakinsa, don dokar shiru ba ta hau kansa ba. Fassarar kuwa sai shi. Tsohuwar nan mai akuya ta tsaya bakin wata rijiya ta yi magana, sai Lawali ya ce, "Ta ce mutanen Madarumfa ba su san abu mai kyau ba." Wani mushe na lekwal, malamin makarantar boko, da ke zaune a baya ya kasa haƙuri, ya ce ai ruwan sha kawai ta roƙa. Gaskiyar mushe ce kuma.

"Abin da ta faɗa da baki ke nan," in ji Lawali. "Ni abin da ke ranta nake fassarawa." Sannan, tunda mushe ya yi magana, aka koma farko.

Ga shi da maƙo. Esansin grup ɗinsa, wato fetur, ba ya saye nan gari, sai ya hau keke har Ɗan Issa don can ya fi arha, ya wuni a hanya, ya dawo da kwalabe ɗaure a baya, ƙafafu sun kumbura. Abin da ya rage a farashin bai kai na man zafin da Tsahara matarsa ke shafa masa ba. Amma mutumin nan da ba ya sayen fitila ta biyu, shi ne zai ƙona rabin kwalba yana mai da fim farko saboda atishawar yaro. Na taɓa nuna masa wannan. Ya ce esansi na ilimi daban, na almubazzaranci daban.

A haka dai ana lallaɓawa, don shi kaɗai ke da bidiyo a gari. Tsahara na suyar kifi a bakin ƙofa, kifin da nake kawo mata, mutane na ci suna shiga. Sai ga Ɗan Hajiya, wani saurayi mai kuɗin uwa, ya buɗe nasa gidan a tsallaken hanya, daidai gaban na Lawali. Shi ba shi da doka. Ka yi tari, ka yi ihu, ka hau benci. Yau 'yan karate, gobe Indiya, jibi wani ƙato da bindiga mai harbi ba ƙarewa. Kafin wata ya zagayo, gidan Lawali ya rage ni, da jandarman nan, da wani makaho da ke zuwa don jin fassara.

Wata la'asar na zo da kifi, na tarar Tsahara ta kwashe murhunta da kaskonta ta koma tsallake, bakin ƙofar Ɗan Hajiya. Lawali na tsaye hannu a ƙugu, yana tambayarta daga nan inda yake ko wannan ba cin amana ba ne.

"Malam, kifi mutane yake bi," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "In ka kawo mutane, in dawo."

Ya yi kwanaki ba ya mata magana. Tuwon da kifin ya saya dai bai ƙi ci ba.

Shekarar da darajar sefa ta faɗi, komai ya ninka kuɗi, ni na ɗauka zai rufe gidan ya koma garkar da ubansa ya bar masa a bakin tafki. Garka ce mai kyau, kun san ta, mai rijiya biyu da mangwaro, albasarta har Maraɗi ake nema. Sai ya zo ya same ni ina ɗinkin koma, ya zauna, ya ce ya gano inda matsalar take. Mutane ba sa kallon marayunsa ne don baƙi ne a ciki. In suka ga kansu, da tafkinsu, da harshensu, za su zo. Saboda haka zai yi fim. Na tambaye shi da wane kuɗi. Ya ce ya riga ya sai da garkar.

Na ajiye komar. Na ce masa duk abin da aboki zai ce, har da wanda bai kamata ba. Na tuna masa 'ya'yansa mata, na tuna masa uban da ya haƙa rijiyoyin nan da hannunsa. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce ni ne zan fito a babban mutumin fim ɗin. Na ce don me ni.

"Huskarka," ya ce. "Kamar ƙasar da ruwa ya janye ya bari. Ko ba ka yi magana ba, an ga wahala."

Wallahi haka ya ce, kuma ni da wautata na ji daɗi.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Wani masunci ne da ɗansa guda. Kifi ya yi ƙaranci, ɗan ya tafi Najeriya cin rani, ya ce zai dawo kafin ruwan shuka. Ruwa ya sauka, bai dawo ba. Uban ya ci gaba da gyaran koma biyu, uwar ta ci gaba da zuba tuwo kwano uku. Ni ne uban. Ɗan kuwa Sani ne, ɗana na fari, lokacin ya zama cikakken saurayi. Uwar ce ta ba da wuya, don ba mai ba da matarsa a nuna a tele tana kiran wani miji. Dole sai Hawa, matata, bayan Lawali ya yi ta zirga-zirga yana kai wa uwarta goro.

Mai ɗaukar hoton Yohana ne, abokin Lawali tun zaman Maraɗi, Kirista, mai kamarar da yake ɗaukar bukukuwa da ita. Mutum mai haƙuri, don in ba mai haƙuri ba da ya jefa Lawali tafki. Yohana ba ya aiki Lahadi, sai ya koma Maraɗi majami'a. Mu ba ma yi Juma'a. Ranar kasuwa kuwa ba ka samun ko kare a bakin ruwa. Sauran ranakun Lawali ke cinye su da jiran rana. Sai ta yi ja daidai yadda yake so, sai balbela ta gitta ta inda yake so. Balbela kuwa ba ta san ana fim ba.

Ranar da ba zan manta ba, ana son in jefa koma in jawo ta wayam, don a nuna talauci. Na jefa. Allah da ikonsa, na jawo ta cike da karfasa, irin kamun da na yi shekaru ban gani ba, har jirgin na karkata. Na juyo ina murna, sai na ga Lawali ya dafe kai. Ya ce na ɓata masa fim, in mai da su.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce wa masunci ya mai da kifi ruwa ba. Tsahara na tsaye a gaɓa da kwaryarta, ta ce in na kuskura na zubar, ita ma za ta bi su. Yohana ya kawo shawara a juye kifin a gefe, a sake jefawa. Lawali ya ce a'a, ƙamshin nasara zai fito a fuskata. A ƙarshe Tsahara ta shigo ruwa har gwiwa ta kwashe kifin da hannunta, ni kuma na yi ta jifa har Allah ya taimake mu na dawo da koma ba komai. Lawali ya rungume ni ya ce yau na yi aiki.

Sai wurin da ya fi ji da shi, ƙarshen fim. Uwar za ta tsaya bakin tafki da yamma, ta dubi hanyar kudu, ta ƙwala wa ɗanta kira. Hawa ta tsaya, Yohana ya kunna, Lawali ya ɗaga hannu. Shiru. Ya ce ta kira. Ta ce ita ba za ta kama sunan ɗan fari ba, a gaban mutane kuma. Ya ce ai ba sunansa na gaskiya ba ne, na fim ne. Ta ce ko wane suna aka laƙa masa, yaron nan dai ita ta haife shi, kuma shi ne na farko. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce in ba ta umarni. Na ce masa shekarun da na yi da ita ban taɓa jin sunan yaron a bakinta ba, ba yau zan fara ba.

Washegari ya dawo a gajiye, ya ce to ta tsaya kawai, ta yi abin da za ta iya. Hawa ta tsaya tana duban hanya. Ta buɗe baki kamar za ta kira, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta ja mayafi ta toshe bakin. Yohana ya manta bai kashe kamara ba. Da na waiga, Lawali na zaune a ƙasa cikin laka, yana kuka kamar yaro. Daga baya ya riƙa cewa shi ya tsara haka tun farko.

Ya tafi Maraɗi da Yohana suka haɗa fim ɗin. A ƙarshensa ya sa sunan duk wanda ya taimaka, da hannunsa ya rubuta a kwali aka ɗauka, har mai jakin da ya gitta ta bayana, har matar da ta ara mana tukunya.

Ranar nunawa ya fito da tele fili, ya kewaye wurin da zana, ya tsaya bakin ƙofa da sabuwar riga. Dala biyar kuɗin shiga. Bayan magariba garin nan kaf ya taho, har daga Gabi an zo. Na ga Tsahara ta dawo da kaskonta wannan tsallaken. Na ce a raina, to, Lawali ya yi gaskiya, mu ne wawaye.

Na farko a layi mai jakin nan ne. Ya ce shi ba zai biya ba, jakinsa na ciki. Na biyu ya ce katangar gidansa ta fito. Wata ta ce tukunyarta ce, kuma an dawo mata da ita da tsaguwa. Dangin Hawa suka ce 'yarsu ce, dangina suka ce ɗansu ne, abokan Sani suka ce ai su ba baƙi ba ne. Wani ya rantse inuwarsa ta fito a wurin kasuwa. Mai unguwa ya iso da jama'arsa, wa zai tare shi? Wani dattijo, yana nan da ransa, ba zan kama suna ba, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji: "Isuhun da nake gani kullum kyauta, shi zan biya in gani?"

Lawali ya tsaya yana dubansu. Sannan ya janye zanar ƙofa gaba ɗaya, ya koma gefen tele ya zauna. Waɗanda suka biya a wannan ranar, Yohana ne da ya ɗauki fim ɗin, da jandarma, da makaho.

Aka fara. Ihu, shewa, ga wane, ga bayan gidan wane, dubi yadda Isuhu ke tafiya kamar agwagwa. Ko hannu Lawali bai kai wurin dannawa ba. Amma sannu a hankali surutun ya yi ta raguwa. Lokacin da Hawa ta ajiye kwano na uku ba mai ci, na ji wata mata a baya ta ja numfashi. Da aka zo bakin tafki, ta buɗe baki ta kasa kira, filin nan ya yi tsit, sai ƙarar grup. Babu gidan da ba shi da wanda ya tafi kudu. Na ga dattijon nan mai cewa yana ganina kyauta yana goge ido da hularsa. Na gan shi da idona. Ku ma da kuke wurin kun san abin da kuka yi.

Kun ga ke nan fim ɗin ba banza ba ne. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Da banza ne, da mun yi dariya mun wuce.

Washegari ya sake fitar da benci, ya ce yanzu da sun ɗanɗana za su dawo da kuɗinsu. Ba wanda ya zo. Duk wanda ka tambaya sai ya ce fim ya yi kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka, ai mun gani. Tsahara ta ɗauki kaskonta ta sake tsallakawa, wannan karon bai kira abin cin amana ba.

Ya ɗauki kaset ya tafi Maraɗi, na raka shi. Muka bi gidajen bidiyo. Wani mai gida ya tambaye shi mutum nawa aka kashe a ciki. Ya ce ba ko ɗaya. Rawa fa? Babu. To mi ake kallo?

"Mutane," in ji Lawali.

Mai gidan ya ce mutane kam ga su nan cike da titi.

Daga nan ya bi ta Ɗan Issa ya tsallaka Katsina shi kaɗai. Can ya samu wani ɗan kasuwa mai sai da kaset, mai fara'a, ya ba shi shayi, ya kira shi babban darakta, ya ce ya bar masa kaset ɗin ya kwana ya duba a natse. Da safe ya mai do masa, ya ce aiki ya yi kyau amma ba kasuwa, ya ba shi kuɗin mota. Lawali ya dawo yana yabon mutumin, wai ko ba komai ya samu wanda ya kalla har ƙarshe.

Da damina ta yi tsaka, sai ga allon Ɗan Hajiya da sanarwar sabon fim daga Najeriya. A jikin kwalin wani ƙato ne riƙe da bindiga, sunan kuma wani abu mai jini da ramuwa. Sani ne ya shigo gida da gudu ya ce, Baba, mu ne. Fim ɗin Lawali ne, an kwafe shi har hoton ya dushe, fuskata ta koma kore. An cusa rawar Indiya a wurare, an liƙa wani faɗan 'yan karate a tsakiya, daidai bayan na gama sallar la'asar. Ɗan Hajiya ya ce shi a kasuwa ya saya, kuma na yarda da shi.

Layi har bakin tasha. Sati guda ana nunawa, gida cike, kowa na biya ba gardama. Na tarar da mai jaki a layin da kuɗinsa a hannu, na tambaye shi yau jakin nasa ba ya ciki ne.

"Wancan na Lawali ne," ya ce. "Wanga na Najeriya ne."

Lawali ya je. Na so in hana shi, ya ƙi. Ya bi layi, ya biya dala biyar ɗinsa, ya zauna a baya, ni ina gefensa. Ya kalli abin tun daga farko har ƙarshe. Wurin Hawa a bakin tafki sun yanke shi, da alama sun ga ba abin da ke faruwa a ciki. Sunayen ƙarshe ma babu, har nasa. Aka tashi, muka fito. Muka yi tafiya har kusa da gidansa, sannan ya tsaya.

"Isuhu," ya ce, "rawar nan ta biyu, ba wurinta ke nan ba. Da sun matsar da ita gaba kaɗan."

Bai ƙara magana a kan abin ba, ko sau ɗaya.

Ba a daɗe ba grup ɗinsa ya mutu, ba kuɗin gyara, ya rufe gidan. Wanda ya sayi garkar ya ɗauke shi aikin ban ruwa. Kun sha ganinsa da gwangwani biyu yana jan ruwa daga rijiyar ubansa yana ba albasar wani. In kun wuce kukan ce, darakta, ina aiki? Yakan ce da godiya.

Bayan kakar wata shekara Sani ya tafi kudu shi ma. Ba abin mamaki ba ne, rabin samarin garin sun tafi. Da farko saƙo na zuwa, an gan shi Legas, yana lafiya. Daga baya saƙo ya ɗauke. Hawa ba ta iya ko tambayar masu dawowa da suna, sai dai ta ce ko sun ga yaron nan. Ta rame, ta daina fita.

Wata rana da hantsi sai ga Lawali a ƙofar gidana da amalanke. Ya ɗoro tele da bidiyo, da grup ɗin da ya je har Maraɗi ya aro wurin Yohana. Ban roƙe shi ba, ban ma faɗa masa halin da take ciki ba. Ya shigar da kayan ɗakinta, ya rufe taga da zane, ya sa kaset ɗinsa na asali, ya fito tsakar gida muka zauna tare. Daga ciki muna jin muryar Sani yana cewa zai dawo kafin ruwan shuka. Muna jin kukanta ita ma.

Da aka gama ta fito, idonta ja, ta kwance bakin zanenta ta ciro dala biyar ta miƙa masa. Ya ce haba, matar aboki, wane irin abu ne wannan. Ta ce ita ba ta kallon fim kyauta. Ya daɗe yana duban kuɗin a tafin hannunta, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa, kamar mai karɓar kyautar sarki. Da zai tafi ya cire kaset ɗin ya bar mata. Yana nan cikin kwallarta har yau, ba mu da abin sa shi.

Kafin shekarun casa'in su ƙare ciwon ƙirji ya kama shi, wasu sun ce sanyin rijiya ne. Bai daɗe a kwance ba. Ranar jana'izarsa garin nan kaf ya fito. Mai unguwa, mai jaki, dattijon nan, Ɗan Hajiya, jandarman da aka riga aka canza wa wurin aiki amma ya taho, Yohana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Sahu har kan hanya. Da muka dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Tsahara gaisuwa. Ta leƙa ta ga tsakar gida ba wurin sa ƙafa, ana ta miƙa kwanon fura.

"Ka gani, Isuhu," ta ce. "Yau gidan Malam ya cika. Da yake ba a biya."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sannan muka kasa tsayar da abin da ya biyo baya.

Ya Allah, ga bawanka Lawali nan, mai taurin kai, mai tausayin abin da kowa ya ƙi. Ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci, ka haskaka kabarinsa. Ka dubi Tsahara da 'ya'yanta. Ka dawo mana da waɗanda suka tafi, in suna raye. Abin da muka hana Lawali a garin nan, ya Ubangiji, ka biya shi da hannunka. Amin.